Ranar da Potito Ya Saci Mai

Potito yana wanke bakin injin matsar zaitun da ruwan zafi lokacin da farar motar ta shigo da baya har ƙofar rumbun. Bai ɗago ba. Ya san ƙarar motar kowane manomi a garin, wannan kuwa ba ta cikinsu. Ya kashe ruwan, ya rataye tiyo a ƙusa, ya goge hannunsa a gaban rigar aiki, sannan ya fita.

Gerardo ne, da wasu ƙarti biyu da ba su gaishe shi ba. Su biyun suka buɗe bayan motar suka shiga gangaro da manyan durom na roba, guda huɗu, suna tura su cikin rumbun kamar sun san wurin tun da. Gerardo kuwa ya tsaya gefe yana duba inda zai taka, don takalminsa ba irin na shiga gidan matsar zaitun ba ne.

"Kawu Potito, ina kwana? Na ji abin da ya sami itatuwanka. Na rantse da kabarin uwata, raina ya ɓaci. Mutane ba su da tsoron Allah yanzu."

"Haka ne," in ji Potito.

Itatuwan zaitun goma sha huɗu ne, waɗanda kakan kakansa ya dasa. Kwana uku da suka wuce ya je gona da safe ya tarar an yanke su da zarto daidai gwiwa, 'ya'yan suna nan a jikin rassa ba a tsinki ko ɗaya ba. Hakan ya faru ne washegarin ranar da Gerardo ya fara zuwa da maganarsa, shi kuma ya ce masa zai yi tunani.

Gerardo ya buɗe murfin durom ɗaya ya yi masa alama da haɓa. Potito ya tsoma yatsa ya kai hanci, sannan ya kai baki. A ido kore ne shar, kamar man da ya fito daga inji yanzu. Amma babu ƙamshin ɗanyen ganye, babu ɗacin nan da ke kama maƙogwaro ya sa mutum tari. Man waken soya ne aka zuba wa launi.

"Aikin ba wuya," in ji Gerardo. "Duk wanda ya kawo zaitun, in mansa ya fito, cikin lita biyar ka ɗebe ɗaya ka cike masa da wannan. Wanda ka ɗeba ka tara mana nan cikin rumbu. Ƙarfe huɗu nake zuwa kullum."

"Mutanen nan da mai aka yaye su. Za su gane."

"Ɗaya cikin biyar? Ko kai na ɗiga maka a burodi ba za ka gane ba. Kuma rabinsa ai biranen Milano da Torino za a aika wa 'ya'ya, waɗanda abincin kanti ya riga ya kashe wa harshe."

Potito ya dubi durom ɗin, ya dubi ƙartin biyu da suka jingina da mota suna shan taba.

"Injunan matsa shida ne tsakanin nan da hanyar birnin Foggia. Me ya sa ni?"

Gerardo ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin ta wanda aka yi wa tambayar yara.

"A sauran biyar ɗin, mai zaitun yana tsaye a kan mai inji kamar ɗan sanda, ko fitsari ba ya zuwa. Kai kaɗai ne ake sauke wa kaya a tafi shan kofi. Shekara talatin kana tara mana wannan yardar, Kawu, kai ba ka sani ba."

Bayan motar ta fita, Potito ya daɗe tsaye a tsakar filin. Maganar gaskiya ce, shi ya sa ta yi masa zafi fiye da itatuwan. A zamanin mahaifinsa babu mai barin zaitunsa ko na minti ɗaya. Mutum zai zauna a kan buhunsa tun daga sikeli, ya bi kayansa da ido har wanki, har niƙa, har man ya zubo a garwarsa, ko da layin zai kai shi kwana biyu. Ba wai ana zargin mahaifin ba ne, haka kawai ake yi wa duk mai inji, kamar yadda ake duba canji a gaban mai kanti. Potito yana saurayi abin yana ba shi kunya, ganin tsofaffi jere suna kallon hannun ubansa. Da injin ya dawo hannunsa bai taɓa ce wa kowa ya tafi ba. Kaɗan-kaɗan dai wani ya ce zai leƙa gida ya dawo, wani ya ce zai kai matarsa asibiti, aka ga man yana fitowa daidai, wani lokaci ma fiye da yadda aka zata. Yau in ka kawo zaitun wurin Potito, sai ka rubuta sunanka da alli a jikin akwati ka kama gabanka. Ba shi da gida biyu, bai taɓa sayen sabuwar mota ba. Abin da ya tara ke nan.

Ƙarfe takwas aka fara shigowa. Aka sauke akwatuna, aka rubuta sunaye, aka yi masa ba'ar da aka saba, cewa ya matsa sosai kada ya ji tausayin ƙwallon. Wani ya yi masa jajen itatuwa da murya ƙasa-ƙasa, bai tambayi wa ya yi ba, shi ma bai faɗa ba. Kowa ya ce sai yamma.

Ya kunna inji yana tunani. Akwai 'yan sanda. Leonardo mai inji a garin gaba ya je wurinsu watan jiya, kwana biyu bayan haka aka fasa masa ƙofar ƙarfe da nakiya, aka kuma tare shi a hanyar gona. Har yanzu hannunsa na dama yana rataye a wuya, matarsa ke yanka masa burodi. Akwai kuma rufe injin ya ce ya lalace. Amma tsakiyar kaka ce, zaitun da aka tsinka ba ya jira fiye da kwana biyu, kuma Gerardo ba yaro ba ne, zai san ƙi ne aka sa wa wata riga. Duk hanyar da ya bi a ransa sai ta dawo da shi bakin rumbun nan. Ya matsa wa mutum uku kayansu, ya zuba man kowa a garwarsa yadda ya fito, bai leƙa rumbun ba. Ya san dai ƙarfe huɗu tana nan zuwa.

Wajen ƙarfe goma Donna Sipontina ta iso a kekenta mai ƙafa uku, da akwati takwas a baya. Shekararta saba'in da huɗu, mijinta ya rasu tun tuni, kuma a garin an ce in kana son labari ya kai ko'ina kafin la'asar, ka gaya mata ka ce sirri ne. Tun kafin ta kashe keken ta fara.

"Potito, ɗan albarka, zo ka sauke mini, bayana ya ƙi. Ka ga na bana? Ƙanana ne amma mai ne zalla, ba irin na maƙwabcina ba da ya cika wa nasa ruwa. Ranar Juma'a zan sa wa ɗana a bas ɗin Torino, garwa biyu, da cuku, da tumatir ɗin da na dafa. Matarsa 'yar arewa ce, da man shanu take soya komai, ka ji masifa. Bari in je kantin magani in dawo. Ƙarfe nawa?"

"Sha ɗaya da rabi."

"To, sai sha ɗaya da rabi. Kai ma ka sha wani abu, fuskarka kamar ta gawa."

Ta rubuta sunanta da manyan baƙaƙe ta tafi. Potito ya bi keken da kallo har ya sha kwana. A nan ne dabarar ta zo masa, gaba ɗayanta.

Ya zuba kayanta a inji. Ya tsaya ya ga sun wanku, sun niƙu, ƙullun yana juyawa a hankali yana sheƙi. Sha ɗaya da kwata man ya fara zubowa daga famfo cikin bahon ƙarfe, kore mai duhu, ƙamshinsa ya cika ɗakin. Ya ɗauko tasa garwar ya ajiye a kusurwar da ke fuskantar ƙofa, ya buɗe murfin. Ya ɗauki babban moɗan ƙarfe mai cin lita biyu. Da ya ji ƙarar keken daga nesa, ya tsoma moɗan cikin man Donna Sipontina ya cika shi, ya taka zuwa kusurwar.

Ba ta shigo ba. Ta tsaya a ƙofar filin tana yi wa wata mata bayanin maganin hawan jini. Potito ya tsaya riƙe da moɗan a kan bakin garwa, man yana ɗiga a takalminsa. Minti ɗaya, minti biyu. Sau biyu ya kusa mayar da shi. Sai da inuwarta ta faɗo a bakin ƙofa sannan ya karkata moɗan ya fara zubawa.

"Potito."

Ya juyo a hankali.

"Wannan na wa ye?"

Ya dubi moɗan da ke hannunsa. Ta dubi bahon da man nata ke ciki, ta dubi layin ɗigon mai da ya taso daga can har ƙafarsa. Fuskarta ta yi wani iri, kamar ita aka kama.

"Ɗanɗanawa za ka yi?" ta ce, muryarta ta yi laushi. "Ko garwata ce ba ta isa ba, ka ara mini taka?"

Ƙofar tsira ce ta buɗe masa, kuma ya ga tana roƙonsa da ido ya bi ta. Ita ta riƙe masa kyandir ranar da aka binne mahaifiyarsa.

"Ban zaci za ki dawo da wuri ba, Donna Sipontina," ya ce.

Ta ƙura masa ido. Sannan ta ɗora hannu biyu a ka.

"Wayyo Maryamu! Wayyo ni! Gwauruwa, Potito? Man gwauruwa? Shekara nawa kana yi? Shekara nawa ina zuwa kantin magani kamar jaka kana sha mini jini? Ubanka da muka tsare shi bai taɓa ɗaukar ɗigo ba, kai da muka sake ka! Juye mini abina! Juye, ina kallo! Har wanda ya zuba a takalminka nawa ne!"

Ya juye. Ya cika mata garwa biyu, ya ɗora a sikeli ta duba da tabarau, ta sa ya sake ɗorawa. Ba ta bari ya kai mata keke ba, da bayan nata da ya ƙi ta ja su da kanta. Da ta fita filin ba ta juya hagu wajen gidanta ba, ta yi dama, wajen dandali.

Ƙarfe ɗaya ya rufe ya tafi gida cin abinci kamar kullum. Lucrezia, matarsa, ta riga ta ajiye taliya da ganye a tebur. Ba ta zauna ba. Tana tsaye jikin murhu, ta harɗe hannu.

"Na je sayen burodi," ta ce. "Da na shiga kowa ya yi shiru. Mai burodin ta ba ni canji ba ta dube ni ba."

Ya ɗauki cokali mai yatsu ya ajiye.

"Shekara talatin da shida ina wanke maka riga, ko alli na wani ba ka taɓa dawowa da shi a aljihu ba." Ta jawo kujera ta zauna tana fuskantarsa. "Cikin duk matan garin nan, Sipontina? Da rana tsaka, ƙofa a buɗe?"

Ya dube ta. Ita ma ta ga kututturen nan goma sha huɗu, ta kuma san wanda ya zo ranar da ya dawo gida ya kasa cin abinci. Ya ga lokacin da abin ya gama haɗuwa a idonta. Ta sauke numfashi, ta goge tebur da tafin hannu inda babu komai.

"Da gangan ka yi. Ba za su ce ka ƙi ba ke nan."

"Ban ƙi ba. An kama ni ne."

"Yarinyarmu fa? Kafin dare wani zai buga mata waya."

"Ki ce mata tsufa ne."

"Savino kuma? Shi ma ba za ka gaya masa ba? Shi ya riƙe maka 'ya a wurin baftisma, tun kuna 'yan gajeren wando kuke tare."

"Savino yana shan giya ranar Asabar. In ya sha, har abin da ya ci jiya faɗa yake."

Lucrezia ta dubi abincin da bai taɓa ba. Sannan ta tura masa farantin.

"Ci. Ni kuma ranar Lahadi sai in koma kujerar baya a coci in sunkuyar da kai. Ka san ban iya kukan ƙarya ba, Potito."

"Ba sai kin yi na ƙarya ba," ya ce.

Da ya koma ƙarfe biyu da rabi ya tarar da filin a cike. Duk wanda ya sauke kaya da safe ya dawo, har da waɗanda ba su da kaya sai son gani. Wasu sun zo da kujerun roba daga gida, wasu sun kifa akwatuna sun zauna. Ba wanda ya zage shi. Da ya gaishe su suka amsa da ka. Wani tsoho da aka riga aka matsa wa nasa da safe ya buɗe garwarsa ya ɗanɗana a gabansa, ya rufe. Potito ya kunna inji. Ido goma sha wani abu suka bi hannunsa daga sikeli zuwa wanki, daga wanki zuwa famfo. In ya nufi bayan injin ɗauko tsumma, mutum biyu ke miƙewa.

Ƙarfe huɗu daidai farar motar ta iso, ta rasa inda za ta shiga. Gerardo ya sauko shi kaɗai, ya ratso mutane yana murmushi yana gaisawa, ya ce ya zo tambayar ko ana sayar da mai. Potito ya ce wa mai kayan da ke kan inji ya riƙe masa minti biyu, ya bi shi cikin rumbu. Gerardo ya tura ƙofar da ƙafa.

"Mene ne wannan? Biki ake yi?"

"Na fara yadda ka ce. Na farko da na ɗeba, mai shi ta shigo."

"Wa?"

"Wata tsohuwa."

"Ba ka rufe ƙofa ba?"

"Ban saba ba. Ban taɓa yi ba."

Gerardo ya tsaya yana dubansa, ya daɗe. Potito ya kafa ido a kan murfin durom. Bai ga hannun ba sai da ya ji shi, bayan hannu ne mai zobe, ya same shi a baki ya haɗa shi da bango. Ya ji gishirin jini a harshensa.

"Ko dai kai jaki ne, ko kuma ni ka mayar jaki," in ji Gerardo, yana duba zobensa. "Ban yanke ba tukuna. Shekara sittin da ɗaya, ko sata ba ka iya ba." Ya gyara wuyan rigarsa. "Durom ɗin nan za su zauna inda suke. Mutane suna mantuwa. Ranar da suka gaji suka koma shan kofi, zan ji."

Ya fita yana yi wa tsofaffin sai an jima. Potito ya goge bakinsa da gefen riga. Gerardo ɗan birni ne. A garin nan har yau ana kiran wani gida da sunan akuyar da kakansu ya sata kafin yaƙi. Ba za su gaji ba, ba bana ba, ba baɗi ba, ba ranar da za a ɗauki akwatin gawar Potito a bi da shi ta dandali ba. Ya tsaya ya saurari abin da wannan ya yi masa a ƙirji, ya kasa raba sauƙin da nauyin. Sannan ya koma bakin aiki.

Rana ta yi ƙasa, filin ya ragu, lokacin da taraktar Savino ta shigo. Ya sauke akwatunansa shi kaɗai, Potito ya kama masa na ƙarshe. Allin yana nan a kan sikeli inda yake kullum. Savino ya dube shi bai ɗauka ba. Ya cire hula yana juya ta a hannu.

"Kumpare," ya ce, sunan da suke kiran juna tun ranar baftismar nan. "Duk wanda ya tare ni na ce masa ƙarya ce. Na ce Sipontina idonta ya mutu, bakinta ne kawai ya rage."

"Na gode."

"Na kusa marin wani a gidan kofi saboda kai." Ya matso ya ƙura masa ido. "Wa ya fasa maka baki?"

"Ƙofar rumbu."

"Ƙofar rumbu." Savino ya gyaɗa kai. Ya jira, kamar akwai sauran magana da za ta biyo. Ba ta biyo ba. Ya mayar da hular kansa, ya sake cirewa. "Ka san halin matata Rosaria. Ta ce in na dawo gida ban tsaya a kan kayan ba, in nemi wurin kwana. Ba ni ba ne, Kumpare. Zama kawai zan yi."

"Zauna."

Savino ya ɗauki akwati ya kai shi can nesa, jikin ƙofar fita, ya kifa ya zauna ya ba injin gefe. Ya zuba ido a ƙasa tsakanin takalmansa, kamar mai jiran likita.

Potito ya juye akwatin farko cikin ruwa, ya juye na biyu. Ya dubi abokinsa, ya dubi ƙofar rumbun da ke bayansa a rufe.

"Kumpare," ya ce, "in tsaro ka zo yi, ka yi shi sosai. Daga can ba ka ganin bakin famfo."

Savino ya ɗago ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa. Ya miƙe a hankali, ya jawo akwatin a ƙasa yana ƙara har gaban bahon ƙarfe, ya zauna, ya ɗora hannu biyu a gwiwa. Potito ya danna maɓalli, injin ya ɗauka.